Sarƙar da Ta Fi Rasit Ɗinta Nauyi

Rasit ya ce giram 38. Sikelin Baba ya ce 38.6. Shekara uku da ɗoriya sarƙar tana wuyan mutum dare da rana, ta sha gumi ta sha guga, kamata ya yi a ce ta ragu, sai ga shi ta ƙaru. Mai ita har ya fara murmushi, a zatonsa gwal ɗin ne ya haihu. Baba bai ce komai ba. Ya ɗaga ta, ya kara a kunne, ya girgiza, sannan ya ce da ni in ɗora ruwa a wuta.

Mahaifina maƙerin fari ne a Jos, wato masu aikin azurfa da zinariya da tagulla, ba maƙeran baƙi masu garma da lauje ba. Ni ke riƙe masa littafi da sikeli tun da idonsa ya fara gajiya da ƙananan lambobi. A watan Janairun 2025, cikin sanyin nan na Jos mai sa yatsu su ƙi riƙe awartaki, aka kawo mana wannan sarƙa, kuma na ga ya dace in rubuta yadda lamarinta ya gudana tun daga saye har zuwa rabuwa da ita, domin kusan duk kuskuren da ake yi da sarƙar gwal ya taru a cikinta.

Mai sarƙar ɗan maƙwabtanmu ne, tare muka yi ƙwallon tsumma a layi. Kirista ne, kuma dole in faɗi haka tun da wuri, don mai karatu Musulmi zai tambaya. A wurinmu zinariya haramun ce ga maza. Hadisin da aka ruwaito daga Sayyidina Aliyu sananne ne, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙe alharini a hannu ɗaya da zinariya a ɗaya, ya ce waɗannan biyu haramun ne ga mazan al'ummarsa. Baba ba ya ƙera wa namiji Musulmi sarƙar gwal, ba ya kuma gyara masa. In saurayi ya zo da ita, sai ya ce masa ya kai wa mahaifiyarsa ko matarsa, ko a narkar a yi musu 'yan kunne. Ga maƙwabci wanda addininsa bai hana shi ba kuwa, yana duba masa. Matsayarsa ke nan, ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da aka koya daga wannan sarƙa kuma ya shafi duk wanda zai saya wa mace, ko ya ajiye gwal don gobe.

Yadda aka saye ta

Mai sarƙar ya yi aiki a Dubai, a wani otal, yana kula da wurin ninƙaya. A ƙarshen 2021, da ya ɗan tara abin da ya tara, ya shiga kasuwar gwal ta Deira da niyya ɗaya: ya sami sarƙar da za a gani daga nesa in ya dawo gida hutun Kirsimeti. Irin wadda ake kira Kuban yake so, mai faffaɗan gaɓoɓi da suke kwanciya a jikin juna kamar saƙa, wadda ta yi tashe daga Miyami ta Amurka, mawaƙa da 'yan ƙwallo suka yaɗa ta duniya. Ya gaya wa mai shago adadin kuɗinsa. Mai shago ya fito da biyu. Ɗaya siririya, faɗinta bai wuce milimita 4 da ɗan wani abu ba. Ɗaya kuma milimita 8, tsawonta inci 24, tana cika hannu. Kuɗinsu kusan ɗaya.

Wa zai ɗauki siririyar? Shi dai bai ɗauka ba. Ya ce mana mai shagon ya faɗa masa cewa babbar mai rami ce a ciki, bai ɓoye ba, amma a lokacin maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko gwal ne na gaske, aka nuna masa hatimin 750 a jikin maɓallin, ya biya.

Rasit ɗin yana nan, ya ajiye shi a cikin fasfo, kuma wannan kaɗai na yaba masa. A lokacin oza ɗaya na gwal, wato giram 31.1, yana kusan dala 1,800 a kasuwar duniya. In aka zubar da 'yan canji, giram ɗaya na karat 18, wato wanda kashi uku cikin huɗunsa tsantsar gwal ne, ya kama dirhami 160, giram 38 ya tashi 6,080. Kuɗin ƙira dirhami 45 a kowane giram, ya tashi 1,710. Sai harajin kashi 5 cikin 100 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara karɓa tun Janairun 2018, wanda baƙo mai yawon buɗe ido kan iya neman a mayar masa a filin jirgi, amma mazaunin ƙasar irinsa ba shi da wannan dama. Duka-duka dirhami 8,180. Ke nan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa ba gwal ya saya da su ba. Farashin gwal ɗin a rubuce yake a allo, ba a taya shi, amma kuɗin ƙira ana ciniki a kansa sosai, kuma shi bai ko buɗe baki ba. Sarƙa mai rami kuwa ta fi cin kuɗin ƙira a kowane giram, saboda aikinta ya fi yawa.

Abin da muka gani a kan tebur

Ruwan ɗumi da 'yar sabulun wanke-wanke, muka jiƙa ta kusan rabin sa'a. Abin da ya fito daga cikinta ba ya faɗuwa a gaban abinci. Ruwan ya koma kalar kunun kanwa. Muka sake sau uku kafin ya fara fitowa garau, muka shanya ta kusa da wuta har ta bushe, aka mayar kan sikeli: 37.7. Kusan giram ɗaya na sabulun wanka da man shafawa da gumi da ƙura yake ratayawa a wuya yana ƙirga shi cikin dukiyarsa.

Dalilin yana cikin yadda ake yin irin wannan sarƙa. Ana naɗe siririn fallen gwal a kan wata waya ta wani ƙarfe daban, a lanƙwasa a yi gaɓoɓi, sannan a tsoma cikin asid ya cinye wayar ta ciki, ya bar gwal ɗin kamar bututu. Dole a bar 'yar kafa ko tsaga inda asid ɗin zai shiga ya fita. Ta wannan kafar ce duk abin da ya taɓa wuyan mutum yake shiga, kuma shigarsa ta fi fitarsa sauƙi. Cikakkiyar Kuban mai faɗin milimita 8 da tsawon inci 24 a karat 18 tana haura giram 100 nesa ba kusa ba. Tasa giram 38. Bangon kowace gaɓa bai fi kaurin farce ba.

Baba ya ce da shi, "Ɗana, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a wajen gwal bai sani ba. Hannu ya fi shi sani, sikeli kuma ya fi su duka."

Daga nan aka shiga gwaji, kuma sau biyu gaban mai sarƙar ya faɗi a banza. Na farko da na kara mayen ƙarfe. Gaɓoɓin ba su motsa ba, amma maɓallin ya ɗan biyo shi. Ya miƙe tsaye, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Maɓallin nan mai kama da hannun ƙaguwa yana da ɗan sifirin a ciki wanda ke mayar da harshensa, kuma na baƙin ƙarfe ne, don gwal ba ya yin sifirin mai dawowa da kyau. Ko a sarƙa mafi tsada za a same shi. In gaɓoɓin ne suka bi mayen ƙarfe, wannan kam magana ta ƙare. In ba su bi ba kuma, ba shaida ba ce, don tagulla ma ba ta bi.

Na biyu shi ne gwajin ruwa, kuma ni na jawo shi da ɗokin nuna abin da na sani. Ana auna abu a iska, a sake auna shi yana rataye cikin ruwa, a raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin awon biyu. Tsantsar gwal yana ba da 19.3, karat 18 yana ba da 15 da ɗoriya, azurfa 10.5, tagulla kusan 8.5. Sarƙa mai nauyin tasa ya kamata ta rage kamar giram 2.4 a ruwa. Ta rage 5. Lissafi ya ba da 7 da rabi, ƙasa da tagulla ma. Na ɗago na dubi Baba, shi kuma ya nuna mini kofin da baki: ƙananan kumfa suna fitowa daga gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Iskar da ke maƙale a cikin ramin ce take ɗaga ta. Gwajin ruwa na cikakken abu ne, a kan holoƙo ƙarya yake yi, kuma na koyi haka a gaban baƙo.

Dutsen gwaji ne ya raba gardama. Baba ya goga gaɓa a kan baƙin dutsen ta bar zane, ya ɗiga ruwan gwajin karat 18, zanen ya tsaya daram. Bai tsaya nan ba, don gugar sama ba ta bambanta gwal da abin da aka yi wa wankan gwal mai kauri. Ya nemi izini, ya sa magagari ya ɗan ci wata gaɓa da ta riga ta lalace, ya duba da gilashinsa: launi ɗaya har ciki. Hatimin bai yi ƙarya ba. Lambar 750 tana nufin karat 18, wato kashi 750 cikin 1,000 gwal ne, sauran jan ƙarfe da azurfa. Haka 916 take nufin karat 22, 875 karat 21, 585 karat 14, 417 karat 10. In kuwa aka ga GP ko GF a bayan lamba, shafe ne ko lulluɓi a kan wani ƙarfe, dangin abin da matanmu ke kira fashan.

To gwal ne na gaske. Amma ga halin da yake ciki: gaɓoɓi goma sha huɗu sun lotse, akasarinsu ta bayan wuya inda yake kwanciya a kansu. Guda shida suna da tsaga siririya kamar gashi, wadda sai da gilashi ake gani. Ƙaramin zoben da ke haɗa maɓalli da sarƙa ya cinye ya koma rabin kaurinsa. Sannan a tsakiya, daidai ƙirji, ga wani dunƙulen toka-toka mai muni da ya haɗe gaɓoɓi uku wuri ɗaya.

Wane ne ya yi wane

Lotsewar ba ta buƙatar dogon bayani. Kusan bai taɓa cire ta ba, da ita yake barci, da ita yake ɗaga ƙarfe a wurin motsa jiki. Cikakkiyar gaɓa in ta bugu tana yin tabo, a goge ya tafi. Mai rami in ta lotsa ta lotsa ke nan, babu ta inda za a sa hannu a turo ta daga ciki.

Tsagar ce ta fi ba ni sha'awa, don tana da tarihi biyu. Kusan shekara biyu ya ƙara yi a bakin ruwan otal ɗin da sarƙar a ƙarƙashin riga, yana shiga ruwa yana fita, kuma ruwan ninƙaya da sinadarin kulorin ake tsabtace shi. Kulorin ɗin da ke ruwan bai cika damun gwal ɗin kansa ba, abokan zamansa yake ci, wato ƙarafan da aka gauraya, musamman a wuraren da aka lanƙwasa ko aka yi walda, inda ƙarfen yake a takure. Ba a ganin komai a sama. A hankali wurin yake yin gautsi, har ranar da ƙaramin ja zai tsinka shi. A sarƙa mai rami abin ya ninka, domin ruwan yana shiga ya kwana a ciki, yana ci ta ciki bayan an goge ta waje.

Tarihi na biyu ya faru a gida, mako guda kafin Kirsimetin 2024. Uwargidansa ta ga sarƙar ta dushe, ta so ta faranta masa, ta jiƙa ta kwana guda a ruwan bilicin ɗin da ake wanke fararen kaya da shi. Wannan kuwa kulorin ne mai ƙarfin da ya ninka na ruwan ninƙaya sau ba adadi. Ranar Kirsimeti ɗansu mai shekara ɗaya ya kama sarƙar yana wasa a kafaɗar ubansa, ta tsinke a hannunsa. Yaro aka ɗora wa laifi. Baba ya ce yaron ya dai zo a kan gaɓa.

Dunƙulen toka-tokan kuma aikin gaggawa ne. Ana cikin hidimar biki, ya ba wani mai gyaran waya a bakin titi, shi kuma ya yi abin da ya iya: ya narka wayar liƙin da suke amfani da ita, haɗin kuza da dalma, ya ɗiga a wurin. Mu mutanen Jos ba ma raina kuza, ita ta kafa garin, amma ba ta da wurin zama a jikin gwal. In aka sake kai wuta wurin don a yi waldar gaske, dalmar tana nutsewa cikin gwal ɗin ta huda shi ta mayar da shi kamar ƙanzo. Ba a gyara wuri irin wannan, yanke shi ake yi a fitar. In kuma aka yi sakaci aka narkar da shi tare da sauran, ɗan kaɗan ɗin nan ya isa ya sa dukan narkakken ya riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma. Garin gyaran gira ke nan aka tsone ido. Kwana tara liƙin ya yi, sarƙar ta sake tsinkewa a gaɓar da ke kusa da shi.

Gyara ko rabuwa

Shi gyara yake so. Ya ce, "Baba, ko nawa ne a liƙe mini ita kawai."

Baba ya ce zai iya yanke gaɓoɓi ukun, ya haɗa sauran, ya sauya zoben maɓalli, a karɓi kuɗi a rabu lafiya. "Amma wata biyu za ka dawo, kuma a lokacin ni za ka zaga a zuci. Shida na gani da tsaga. Waɗanda ban gani ba fa?" Ga kuma wahalar walda a kan bango mai kaurin farce: kafin abin liƙin ya narke, gaɓar kanta ta zube. Akwai masu injin walda na leza a manyan garuruwa da za su iya, amma su ma tsagar da ta fito za su rufe, ba wadda ke tafe ba.

Narkarwa a sake ƙera masa wata a nan ma an duba. Baba ya ce shi gwanin 'yan kunne da awarwaro da zobe ne. Kuban mai kyau tana son kowace gaɓa ta zo daidai da 'yar'uwarta, a murɗa, a goge fuska har ta kwanta lumui, kuma injinan Italiya a Arezzo da Vicenza sun fi hannunsa a wannan. Ban taɓa jin ya faɗi haka a kan wani aiki ba.

Saura sayarwa a sayi wata. Mako biyu ya yi yana juya maganar kafin ya yarda, kuma na san abin da ke cinsa ba kuɗi ba ne. Duk unguwa an san shi da babbar sarƙa.

Mu uku muka tafi Abuja, wurin 'yan gwal na kasuwar Wuse. Kafin mu tashi Baba ya yanke wurin dalmar ya cire sifirin, don kada mai saye ya fake da su ya zaftare fiye da kima. Abin da ya rage giram 37.2. Shagon farko suka yi tayin da ake yi wa kowa: ajiye tsohuwa, ɗauki wannan sabuwa mai giram 31, ba ka ƙara ko kwabo ba. Mai sarƙar ya ji daɗin tayin. Baba ya ce a'a, shi ba ya tsayawa a kan irin wannan ciniki. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya ce zinariya da zinariya sai daidai wa daida, hannu da hannu. A cikin littafin dai akwai labarin Fadala ɗan Ubaidu, wanda ya sayi abin wuya ranar Khaibara a kan dinari 12, akwai zinariya da duwatsu a jiki, da ya rarrabe sai ya tarar zinariyar ta fi dinari 12, Annabi ya ce kada a sayar da irinsa sai an rarrabe. Hanyar da ba ta da shubuha ita ce a sayar da tsohuwa a karɓi kuɗi a hannu, sannan a sayi sabuwa da ciniki na daban.

Na lura ko an ajiye maganar addini gefe, musaya tana ɓoye farashi biyu a cikin guda. Ba ka san nawa aka sayi taka ba, ba ka san nawa aka sayar maka da tasu ba. Da muka raba cinikin, muka zaga shaguna huɗu da tsohuwar, aka saye ta ƙasa kaɗan da farashin duniya na ranar, kuɗin ya haura naira miliyan 3. Bayan an sayi sabuwa mai nauyi ɗaya da wadda aka yi mana tayi, canjin da ya rage ya kai kuɗin giram ɗaya da ɗoriya. Ba dukiya ba ce, amma ya biya motarmu da abincinmu har da ragowa.

A mota na yi masa lissafin da bai so ji ba. A 2021 ya kashe abin da ya kai dala 2,200 da 'yan kai. A 2025 ya karɓi kusan haka. Amma a tsakanin, oza ya tashi daga 1,800 ya haura 2,600. Tashin nan duka ya tafi wajen cike ramin kuɗin ƙira da haraji da abin da mai saye ya rage. Kasuwar duniya ce ta rufa masa asiri ya fita da uwar kuɗinsa. Mai sayen tsohon gwal ba ya biyan ado, ba ya biyan suna, nauyi da karat kawai yake biya.

Sabuwar

Wannan karon Baba ne ya yi tambayoyin, a jere kamar mai karatun allo. Giram nawa? Karat nawa? Cikakkiya ce ko mai rami? Nawa ne giram yau, nawa ne kuɗin aiki, a faɗa daban-daban. In na dawo da ita gobe nawa za ku saya? Sai da aka amsa duka kafin ya yarda a ɗora ta a wuya a duba madubi.

An ɗan yi ja-in-ja a kan karat. Mai shago ya so ya tura shi ga 21, irin wanda matanmu suka fi so saboda jansa da saurin sayuwarsa. Baba ya ce 21 da 22 na mai sawa ranar biki ne ta mayar cikin akwati. Gwal yana ƙara laushi ne gwargwadon tsarkinsa, kuma sarƙa duk rayuwarta guga ce, gaɓa tana cin gaɓa. Karat 14 ya fi juriya, shi Amurkawa suka fi sawa, amma a kasuwanninmu in ka zo sayarwa sai an yi ta yamutsa fuska. Aka tsaya a 18.

Ƙirar ma an tace. Mai kama da igiya tana da ƙyalli, amma in ta tsinke gyaranta yana barin tabo, kuma yawancin masu kaurinta holoƙo ne. Shimfiɗaɗɗiyar nan mai santsi kamar bel in ta karye sau ɗaya ba ta komawa daidai. Figaro, mai gajerun gaɓoɓi uku da doguwa ɗaya, tana da sauƙin gyara, Baba ya so ta, mai sarƙar ya ce shi dai Kuban. Aka samu cikakkiya, milimita 4, inci 22, giram 31, da hatimin Italiya: tauraro, lambar maƙera, da haruffa biyu na lardin da aka yi ta. Hatimi ana iya buga na jabu, don haka sai da ta hau dutse ita ma. Baba ya bi gaɓoɓin ɗaya-ɗaya da gilashi yana neman wadda ba a rufe bakinta da walda ba, ya rataya ta a yatsa ya ga ko za ta sauka a miƙe ba tare da murɗewa ba, ya buɗe maɓallin ya rufe ya fi sau goma yana sauraron ƙarar. Inci 22 kuma da gangan ne: tana kwanciya a ƙarƙashin wuyan riga, ba ta leƙowa a cikin keke napep ko a cunkoson kasuwar Taminus ta Jos, inda sarƙar da ke waje take zama gayyata.

Dokokin da aka ba shi ba su da yawa. A cire kafin barci, kafin wanka, kafin ƙwallo, kafin duk aikin da ke da inji mai juyawa, don cikakkiyar sarƙa ba ta tsinkewa da sauƙi, in ta maƙale wuyan ne zai biya. Turare da mai su riga ta hawa jiki, su bushe. Kada bilicin ya kusance ta, haka man shafawar da ake haɗawa da zaiba, wanda ke mayar da gwal fari ya ci shi. Wanki sau ɗaya a wata da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da tsohon buroshin yara, a cikin kwano, ba a bakin rariya ba. Ban da man goge baki, ban da toka, duk kankare ta suke yi. Na ƙara masa da abin da ya shafi garinmu: ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, wanda ya fi gwal tauri nesa, saboda haka in aka sa ƙyalle aka murje sarƙa mai ƙura a bushe, an yi mata aikin samfefa ne. A ɗauraye tukuna, sannan a goge. A ajiye ta ita kaɗai a 'yar jaka, maɓalli a rufe, kada ta haɗu da makullai ko agogo. Rasit kuma a ɗauki hotonsa, a rubuta nauyin a bayansa.

Ya dawo da ita bayan wata shida kamar yadda aka ce masa. Yana zama ya fara ƙorafi, wai abokansa suna tambayarsa ko sarƙar ce ta yi rashin lafiya ta rame. Na ɗora ta a sikeli: 31.0. Zoben maɓalli lafiya, gaɓoɓi lafiya. Baba ya tambaye shi ko yana cirewa da dare, ya ce kullum, ko sau ɗaya bai manta ba. Baba ya ɗauki ɗan hantsakinsa, ya sa a bakin maɓallin, ya zaro wani jan zare na bargo mai tsawon rabin yatsa, ya ajiye masa a tafin hannu.